Ido Ba Mudu Ba Ne: Yadda Masana Ke Gane Awon da Za a Dogara da Shi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin ma'auna a kasuwar Gujungu ko ta Maigatari ya san cewa cinikin hatsi ba ya ƙarewa a kan farashi, domin bayan an daidaita a kan kuɗin tiya sai a koma kan tiyar kanta: da wane kwano za a yi awon, za a cika shi ya yi tozo ne ko za a shafe bakinsa, kuma hannun wa zai riƙe shi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma uwargidan da ta sayi dawar tuwo takan gane an tauye ta tun kafin ta sauke kayan daga ka. Abin da idonta ba zai faɗa mata ba shi ne yawan abin da aka tauye, da kuma ko laifin na hannun mai awo ne ko na kwanonsa. Waɗannan tambayoyi biyu su ne suke gaban masanin sinadarai a ɗakin gwaje-gwaje, da likita a gefen gadon majinyaci, da masanin falaki mai lissafin tafiyar wata, sai dai su abin da suke aunawa ya fi ƙarfin ido baki ɗaya.

A ɗauki mai awo na gari wanda kwanonsa lafiyayye ne. Idan ya auna tiya goma daga buhu ɗaya aka ɗora kowace a kan sikeli, da wuya a sami biyu da nauyinsu ya zo daidai, saboda wani zubin ya fi wani tozo, a wani kuma an girgiza kwanon hatsi ya zauna. Irin wannan kuskure yana faɗuwa sama yau, gobe ya faɗi ƙasa, don haka za mu kira shi kuskuren warwatsuwa. A ɗauki kuma wani gwanin mai awo wanda hannunsa ba ya rawa, amma an bubbuge gindin kwanonsa ya shige ciki. Tiyoyinsa goma za su yi kusan nauyi ɗaya, har mai kallo ya yaba masa, alhali kuwa dukansu a tauye suke. Wannan shi ne kuskuren karkata, kuma ya fi na farko haɗari saboda kamannin gaskiya gare shi.

Maganin warwatsuwa sananne ne: a maimaita awo a ɗauki matsakaici. Lissafi ya nuna cewa awo huɗu yana rage warwatsuwar matsakaicin zuwa rabi, awo 100 kuma ya rage ta zuwa kashi ɗaya cikin goma, wato dai kowane ƙarin inganci sai an biya shi da wahala mai ninkuwa. Amma ko sau dubu aka maimaita awo da bugaggen kwano, tauyayyen matsakaici za a samu. Ba a gano karkata sai an kawo wani ma'auni daga waje an gwada su tare.

Masana falaki sun sha wannan darasi da ɗaci. A shekarar 1796 shugaban cibiyar duban taurari ta Greenwich a Ingila, Nevil Maskelyne, ya sallami mataimakinsa saboda lokacin da yake rubutawa na wucewar tauraro yana zuwa a makare da kusan daƙiƙa guda idan aka kwatanta da na maigidan. Bayan kimanin shekara 20 masanin Jamus Friedrich Bessel ya bi diddigin batun, ya tarar cewa ko tsakanin ƙwararru kowa yana da nasa jinkirin tsakanin ido da kunne da hannu, kuma jinkirin ba ya sauyawa sosai, saboda haka ana iya auna shi a cire shi daga sakamako. Ashe mai duban ma wani sashe ne na ma'aunin. Kusan shekara 200 bayan korar, a 1990, an harba babban madubin hangen nesa na Hubble zuwa sararin sama, sai hotunansa suka zo dishi-dishi. An goge madubin, mai faɗin mita 2.4, da ƙwarewar da ba a taɓa ganin irinta ba, amma an goge shi ne bisa umarnin na'urar gwaji wadda wani gilashinta ya goce daga mazauninsa da milimita 1.3. Gefen madubin ya baje fiye da kima da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin 50 na kaurin silin gashi ba. Abin takaicin shi ne wasu na'urorin gwaji biyu sun nuna akwai matsala, aka yi watsi da su don an fi amincewa da babbar. Sai a Disamban 1993 'yan sama-jannati suka je suka yi gyara.

To wane ma'auni ne zai yi wa sauran alƙalanci? Malamanmu sun daɗe da fuskantar wannan a babin zakkar fidda kai, inda sa'i guda yake mudu huɗu na mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ƙasar Maroko akwai tsofaffin mudayen tagulla tun na ƙarni na 14 waɗanda aka zana a jikinsu cewa an gwada wannan mudu da mudun wane, shi kuma da na wane, har salsalar ta kai ga mudun sahabi Zaidu ɗan Sabitu. Masana awo na zamani a kan wannan tsari suke tafiya. Sikelin kantin magani ana gwada shi da duwatsun awo na hukuma, su kuma ana gwada su da na cibiyar ƙasa, na ƙasa kuma da na duniya, kowane mataki da takardar da ke faɗin girman kuskurensa. Daga 1889 ƙarshen salsalar kilo wani ɗan curin ƙarfe ne na filatinam da iridiyam mai tsayin kusan milimita 39, da ke ajiye a Sèvres kusa da birnin Paris. Da aka riƙa kwatanta shi da kwafe-kwafensa, sai aka ga a cikin kimanin shekara 100 sun saɓa da kusan mikrogiram 50 (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma babu mai iya rantsuwa ko shi ne ya rame ko su ne suka yi ƙiba. Saboda haka daga ranar 20 ga Mayun 2019 aka daina dogara da curin, aka ɗaure kilo da wani adadi na ɗabi'ar halitta da ba ya tsatsa, wanda ake kira da sunan masanin Jamus Max Planck. Daƙiƙa ta riga ta bi wannan hanya tun 1967, inda ta zama kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken ƙwayar zarrar siziyam, mita kuma tun 1983 ita ce nisan da haske ke ci a cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa.

A fagen sinadarai amfanin sanin girman kuskure ya bayyana ƙarara a aikin Lord Rayleigh na Ingila. Wajen 1892 ya auna nauyin iskar naitirojin da ya tace daga iskar da muke shaƙa ya sami kimanin giram 1.257 a lita, wadda ya fitar daga sinadarai kuma ta ba shi kimanin giram 1.250. Bambancin kimanin kashi ɗaya ne cikin 200 kacal, kuma da wani ne da ya ce sikeli ne ya yi gardama ya wuce. Shi kuwa ya san sikelinsa ba ya kuskuren da ya kai haka, don haka ya nace, har shi da William Ramsay suka gano a 1894 cewa akwai wata iska mai nauyi da ke ɓoye a cikin ta sararin, wato argon, wadda take kusan kashi ɗaya cikin 100 na iskar da kowa ke shaƙa tun farkon duniya.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan kusa da rumbunmu, wato cewa gwaji yana auna abin da aka gina shi ya auna ne kawai. Manomi ya san buhun yuriya an rubuta masa 46, ma'ana kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, don haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na abin da shuka ke bukata, kuma ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai zai tabbatar ko rubutun gaskiya ne ko an yi algus. Da irin wannan awo na naitirojin, bisa hanyar da Johan Kjeldahl na ƙasar Denmak ya fito da ita a 1883, ake ƙiyasta sinadarin gina jiki a cikin abinci, ta hanyar ninka adadin da wata sananniyar lamba. Hanyar tana aiki muddin naitirojin ɗin daga abincin ya fito. A 2008 a ƙasar Sin 'yan algus suka tsarma madara da ruwa suka zuba mata melamin, sinadarin da kusan kashi biyu cikin ukunsa naitirojin ne, gwaji ya ce madara ta yi kyau, jarirai kimanin 300,000 suka kamu da ciwo, shida suka rasu. Sikeli bai yi ƙarya ba, tambayar da aka yi masa ce ba ta isa ba.

Matsalar da ta fi ci wa masu gwajin amfanin gona tuwo a ƙwarya ita ce ɗaukar samfur. Gubar afalatoksin, wadda funfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, ba ta bazuwa daidai a cikin buhu; 'yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da kusan dukkanta. Tarayyar Turai ta ƙayyade mikrogiram 4 a kowane kilo na gyaɗar ci, wanda a buhu mai kilo 100 bai kai rabin miligiram ba. Dillalin da ya soka ƙarfe a gefe ɗaya na buhu ya zaro cikin tafin hannu zai iya samun gyaɗa tas, na kusa da shi ya soka a wani gefen ya sami ninkin haddin sau da yawa, kuma kowannensu na'urarsa ta faɗi gaskiyar abin da aka ba ta. Shi ya sa ƙa'ida take a ɗebo kaɗan-kaɗan daga wurare masu yawa, a haɗa a niƙe, a gauraya, sannan a gwada. Wanda yake ganin waɗannan ƙananan lambobi ba su shafe shi ba ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Nijeriya saboda maganin ƙwari na daikolobos, dangin fiya-fiya, da ake zubawa a ma'ajiya: haddin shi ne miligiram 0.01 a kilo, an kuma sami samfurin da ya kai 4.6, wato ninki 460.

A ɗakin shan magani na ƙauye lamarin ya fi zama na rai da mutuwa, kuma kayan aikin ba su da tsada. Maganin yaro da nauyinsa ake lissafa shi. Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo a sha ɗaya, maganin zazzaɓin cizon sauro na zamani kuma an raba shi rukuni-rukuni bisa nauyi, don haka sikelin da ya karkata da kilo biyu zai iya jefa yaro a rukunin da ba nasa ba. Idan ma'aikaciyar lafiya ta ce wa uwa ta ba da cokali ɗaya, mililita 5 take nufi, amma cokulan gida kowanne da girmansa, shi ya sa ɗan murfin awo ko sirinjin da ke zuwa da kwalba ya fi cokalin shayi aminci. Tef ɗin auna damtse ma haka yake: ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, daga 11.5 zuwa 12.5 matsakaiciya, kuma jan tef ɗin da ƙarfi ko sakinsa ya isa ya ƙetarar da yaro tsakanin ja, launin tamowa mai tsanani a jikin tef ɗin, da ruwan ɗorawa, launin matsakaiciya. Sai kuma ruɗanin ma'auni, domin wata na'urar gwajin sukari tana ba da 7, wata ta ba da 126 a kan jini ɗaya, duka kuma daidai ne, tunda ana ninka na farko sau 18 a sami na biyu.

Kowace na'ura kuma tana da iyakar da take gani. A 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, na'urar tafi-da-gidanka da aka je da ita ba ta karanta abin da ya haura mikrogiram 65 a kowace desilita ta jini (kashi ɗaya cikin goma na lita), alhali a kan 45 ake fara maganin fitar da gubar. Yara da yawa sun wuce iyakar, na'urar ba ta iya bambance mai 70 da mai 300, sai da aka koma sirka jinin da sanannen adadi, a auna, sannan a ninka.

Abin da na ga ya fi wuyar shiga kai, har ga masu ilimi, shi ne cewa ma'anar sakamakon gwaji tana sauyawa da yawan cutar a cikin jama'a. Ga misali na lissafi zalla. A ce gwaji yana kama 95 cikin kowane masu cuta 100, yana kuma yi wa 5 cikin kowane lafiyayyu 100 ƙazafi. Idan a tsakiyar damina aka gwada masu zazzaɓi 1,000 waɗanda 400 daga cikinsu ke da cutar, zai kama 380 na gaske ya haɗa da 30 na ƙazafi, don haka wanda aka ce yana da ita kusan tabbas yana da ita. Idan kuma a tsakiyar rani 20 kacal ke da ita cikin 1,000, zai kama 19 na gaske da 49 na ƙazafi, ya zama cikin mutum 68 da aka ce suna da cutar, masu ita ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na'urar ba ta sauya ba. A nan ne nake ganin ya kamata mu rage saurin gaskata hukuncin nan na “maleriya da taifot” da ake yanke wa kusan kowane mai zazzaɓi, domin gwajin taifot na Widal na sau ɗaya yakan nuna alama ga wanda ya taɓa yin ciwon a baya ko yake fama da wani zazzaɓin dabam, kuma shuka jini a ɗakin gwaje-gwaje, wato a ajiye shi a ga ko ƙwayar cutar za ta hayayyafa, ita ce hanyar da ta fi tabbas. Gwajin maleriya na gaggawa shi ma yakan ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke.

Auna ingancin magani kansa yana bukatar ma'auni na waje, saboda yawancin zazzaɓi da mura sukan tafi da kansu, kuma duk abin da aka sha a ranar ƙarshe shi ke kwashe yabo. A 1948 aka wallafa gwajin maganin sitireftomaisin kan tarin fuka a Birtaniya, wanda masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill ya tsara rabonsa. Majinyata 107 aka raba biyu ta hanyar ƙuri'a a cikin rufaffun ambulan, don kada likita ya zaɓa wa sabon magani masu ƙarfin jiki ko da bai yi niyya ba. Bayan wata shida, 4 daga cikin 55 da suka sami maganin sun rasu, 14 kuma daga cikin 52 da aka bari a kan hutun gado kaɗai. Ƙuri'ar ce ta ba waɗannan lambobi nauyi.

Falaki shi ne fagen da lissafi ya fi nuna ƙarfinsa, wataƙila saboda mai dubansa ba ya iya taɓa abin da yake aunawa. Albattani, wanda ya yi aikinsa a Rakka ta ƙasar Sham ya kuma rasu a 929, ya sami tsawon shekarar rana kwana 365 da sa'a 5 da minti 46 da daƙiƙa 24, wanda bai kai minti biyu da rabi ba tsakaninsa da abin da aka sani yau. Ba shi da agogon da zai ba shi haka. Dabararsa ita ce ya kwatanta nasa duban da na masanin falaki Batalimusa na Iskandariya da ya gabace shi da sama da shekara 700, ta yadda kuskuren 'yan sa'o'i ya rarrabu a kan ɗaruruwan shekaru, kamar mai son nauyin ƙwayar gero ɗaya da ya auna dubu ya raba. Masanin Jamus Johannes Kepler kuma ya shafe shekaru yana lissafin tafiyar Mirrihu, jan tauraron da ake kira duniyar Mars, bisa zaton da'ira yake bi, har lissafinsa ya dace da duban masanin falakin Denmak Tycho Brahe in ban da saɓanin minti 8 na kusurwa, kimanin rubu'in faɗin cikakken wata. Da yake ya san duban Tycho ba ya kuskuren da ya wuce minti biyu, sai ya jefar da da'irar, ya bayyana a 1609 cewa hanyar tana da siffar ƙwai miƙaƙƙe mai daidaitattun kai biyu.

Manyanmu da yawa suna tune da hantsin Laraba 29 ga Maris 2006, lokacin da rana ta yi husufi, duhu ya rufe Gusau da Katsina, haske kuma ya dusashe a ƙauyukan Kano da Jigawa. An sanar da ranar da sa'ar tun shekaru kafin ta zo, kuma da irin wannan lissafi ake sanin lokacin da wata ke haɗuwa da rana a ƙarshen kowane wata, wanda matsakaicinsa kwana 29 ne da sa'a 12 da minti 44. Wannan ɓangare na lissafin ba ya kuskuren da ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. Ganin jinjirin wata da ido kuwa wani awo ne dabam, mai faɗin kuskure, domin ya rataya ga nisan wata daga rana, da tsayinsa a kan gaɓar yamma, da tsabtar sararin, da kaifin idon mai duba. Lissafi yana iya yanke cewa ba za a ga wata ba idan ya riga rana faɗuwa, kuma tun shekarun 1930 masanin Faransa André Danjon ya nuna cewa idan tazararsa da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, ido ba ya kama shi. Sama da wannan iyaka akwai yankin da amsar lissafi ita ce mai yiwuwa ne, kuma a nan ne jinjirin da aka gani sarai a Kazaure zai iya ɓuya wa mutanen Birnin Kudu saboda gajimare ko hazon hunturu. Shi ya sa masu lissafi ke ba da sa'ar faɗuwar rana da ta wata da gefen da za a duba, masu duba su fita bayan gari da magariba, shaidarsu ta bi ta hannun dagatai da hakimai da sarakuna, sanarwa kuma ta fito daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato.